Sauya salansa ba ya rage shan mai

A tsakanin 'yan kabu-kabu a Gusau an daɗe ana cewa in ka sa buɗaɗɗiyar salansa, ka cire soson da ke tace iska, Boxer ɗinka zai ƙara gudu kuma ya rage shan mai. Ƙara dai yake ƙarawa.

Injin fetur yana son iska kusan kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. Da ka buɗe wa iska hanya, man da kabureta ke bayarwa ya yi mata kaɗan. Sai inji ya riƙa zafi fiye da kima, salansa na tas-tas in ka saki totur. Ciro fulogi ka duba: fari fat alamar ƙarancin mai ne, baƙi alamar mai ya yi yawa ne, ruwan ƙasa ake nema.

Wani bakaniken sai ya murɗa ɗan sukurun gefen kabureta ya ce an gama. Wannan silo kawai yake daidaitawa, wato aikin inji in ba a murɗa totur ba. Tsakiyar totur aikin allurar cikin kabureta ne, ƙarshensa na babban jet, wato ɗan ƙarfe mai rami da mai ke bi, kuma shi ake sauyawa da mai faɗin rami, wato ƙarin mai.

Soson nan kuwa a bar shi. Ƙurar hunturu a hanyar Ƙauran Namoda tana cinye ringi da fistin.