Waiwaye: Daga kwinin zuwa darasin 1989 a maganin rikicewar bugun zuciya

A shekarar 1912, wani ɗan kasuwa mutumin Holan ya je wurin likita Karel Wenckebach da ƙorafin cewa zuciyarsa kan rikice tana bugu ba tsari. Da likitan ya shaida masa cewa ba shi da wani tabbataccen magani, sai mutumin ya ce shi kuwa ya san yadda yake tsayar da abin da kansa, kuma washegari ya dawo jijiyar hannunsa na harbawa daidai. Abin da ya sha shi ne kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauron nan mai ɗan karen ɗaci, wanda ake samu daga ɓawon itacen sinkona. A 1918 Walter Frey ya nuna cewa kwinidin, ɗan uwansa daga ɓawon itace ɗaya, ya fi shi aiki.

Tun kafin nan akwai dijitalis, maganin zuciya da ake samu daga ganyen wani tsiro, wanda William Withering ya bayyana amfaninsa a Ingila a 1785, kuma daga danginsa aka fitar da digoxin a 1930. Bayan haka sababbi suka riƙa biyo juna, har James Black ya samar da propranolol, mai rage saurin bugun zuciya, a 1964. Shi kuwa amiodarone, da aka haɗa a Beljiyam a farkon shekarun 1960 don ciwon ƙirji, sai daga baya likitoci, musamman Mauricio Rosenbaum na Ajantina, suka gano ƙarfinsa wajen daidaita bugu.

A ganina babu abin da ya kai gwajin CAST, wani babban binciken magungunan daidaita bugu a kan majinyata, muhimmanci a wannan tarihi. An daɗe da sanin cewa wanda ya tsira daga toshewar jijiyar zuciya, matuƙar zuciyarsa na yawan yin ƙarin bugu ba a kan lokaci ba, ya fi shiga haɗarin mutuwar fuju'a. Saboda haka likitoci suka ɗauka cewa kawar da wannan ƙarin bugu zai ceci rai, kuma magungunan encainide da flecainide suna kawar da shi sarai, har zanen da na'ura ke fitarwa a takarda ya fito tsaf. Da aka fara gwajin a Amurka a 1987, wasu likitoci sun ƙi sanya majinyatansu, domin suna ganin zalunci ne a ba mutum ƙwayar da babu magani a cikinta, kamar yadda ake ba wani kaso na majinyatan domin kwatantawa. A watan Afrilun 1989 aka dakatar da ba da magungunan biyu. Cikin mutum 755 da suka sha su, 63 suka rasu a kimanin wata 10, alhali 26 ne suka rasu cikin 743 da aka ba ƙwayar da ba kome a ciki. Waɗannan mutane sun amince da likitocinsu, likitocin kuma da zuciya ɗaya suka yi, amma maganin da ya gyara zanen takarda shi ne ya haddasa wani rikicin bugu mai kisa a zuciyar da ta riga ta yi tabo.

Daga nan aka shiga taka-tsantsan. Ba a jefar da flecainide ba, sai dai an keɓe shi ga waɗanda tsokar zuciyarsu ke lafiya. A 2002 gwajin AFFIRM, mai mutum 4,060, ya nuna cewa a rikicin ɗakunan saman zuciya, rage saurin bugu bai gaza ƙoƙarin mayar da shi daidai ba wajen tsawon rai.

Tsofaffin magungunan ma ba a sakin jiki da su. Amiodarone na ɗauke da aidin mai yawa, yana iya taɓa huhu, hanta da ƙululun wuyan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, kuma yakan yi watanni a jiki bayan an daina sha. Digoxin, da har yau ake rubutawa a asibitocinmu saboda araharsa, tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce, musamman ga dattijon da ƙodarsa ta raunana. Tashin zuciya, rashin cin abinci da ganin abubuwa sun koma rawaya na daga alamun da ke sa likita ya dakatar da shi ya nemi gwajin jini.