Yawon iyali a ƙaramin jirgin ruwa tsakanin tsibiran Girka: tambayoyi da amsoshi

Kowace shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, iyalai da dama kan yi hayar ƙaramin jirgin ruwa na mako ɗaya ko biyu su zagaya tsibiran Bahar Rum, yau su kwana a wannan gari, gobe a wancan lungu. Ana yin haka a gaɓar Kuroshiya da Turkiyya da Italiya da Sifaniya, amma a nan za mu tsaya kan tsibiran Iyoniya da ke yammacin Girka, domin can aka fi tura masu yara da sababbin shiga.

Wane irin jirgi ake nufi?

Ba katafaren jirgin nan mai hawa-hawa da ke kwasar dubban 'yan yawon buɗe ido ba ne. Wannan tsawonsa mita 10 zuwa 15 ne kawai. Yana da dogon sanda a tsakiya da filafilai biyu, wato manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura shi, sai injin dizal na shiga tasha da na ranar da iska ta ɗauke. A ƙasa akwai ɗakunan kwana uku ko huɗu, kowanne gado ya cinye shi, da ɗan madafi, da firji, da banɗaki ɗaya ko biyu. Murhun gas ɗin rataye yake yana lilo, don idan jirgi ya karkata kada tukunya ta kife.

Akwai kuma katamaran mai jiki biyu a haɗe. Ya fi faɗi, ba ya karkata, iyaye masu ƙananan yara sun fi son sa, sai dai hayarsa ta fi tsada kuma wurin tsayawa yakan yi masa wuya. Dukansu ba gudu gare su ba: kilomita 9 zuwa 11 a awa.

Dole sai mutum ya iya tuƙi?

A'a. Wanda yake da lasisi yana iya karɓar jirgi ya tuƙa da kansa. A Girka kamfanonin haya na neman takardar ƙwarewa da aka yarda da ita, da kuma mutum na biyu a cikin jirgi wanda ya san aikin. Kuroshiya kan ƙara da neman lasisin amfani da rediyon jirgi. Wanda bai iya ba sai ya ɗauki matuƙi, ya biya shi kullum, ya ciyar da shi, ya kuma ware masa ɗaki. Wannan ɗakin ne mutane ke mantawa da shi idan suna ƙirga gadaje.

Hanya ta uku ita ce tafiya a ayari: jirage goma ko fiye, kowane iyali da nasa, jirgin jagora na tare da su. Da safe a gaya wa kowa inda za a kwana da yadda iska za ta kasance, da yamma ma'aikatan jagora na tsaye a bakin tasha suna karɓar igiya. Ga mai lasisi amma hannunsa bai faɗa ba, wannan ta fi kwanciyar hankali.

Me ya sa Iyoniya? Ai Santorini da Mikonos aka fi gani a hotuna.

Iska ce dalili, kuma ita ce ke da ta cewa a tafiyar nan gaba ɗaya. Santorini da Mikonos suna gabashin Girka, cikin tekun Ijiyan, inda a watannin Yuli da Agusta wata iskar arewa mai suna meltemi ke busawa. Sararin sama tas, rana na ƙyalli, amma iskar na iya kwana uku ko huɗu tana kaɗawa da ƙarfin da wani lokaci har manyan jiragen fito sai sun dakata. Tsibiran can kuma suna da tazara, ga raƙuman ruwa gajeru masu bugu. Iyalin da ya biya kuɗin mako guda na iya ƙarar da rabinsa ɗaure a tasha ɗaya, ko uban gida ya yi taurin kai ya fita, yara su wuni suna amai.

A Iyoniya lamarin daban ne. Da safe ruwa kwance yake. Wajen azahar iska ke tasowa daga arewa maso yamma, ta yi ƙarfi da la'asar, ta lafa da magariba, kusan kullum haka. Tsibiran Lefkada da Kefaloniya kuma sun tare buɗaɗɗen teku, sun bar wani fili a bayansu mai cike da ƙananan tsibirai, inda tafiyar awa biyu ko uku ke kai mutum masauki na gaba. Ba wai babu haɗari ba ne: da la'asar iska kan zubo daga kan duwatsu bagatatan, musamman a mashigin da ke tsakanin Kefaloniya da Itaka. Amma matuƙi ya san lokacin zuwanta, yana iya shirya mata.

A ganina duk wanda ya zaɓi wurin zuwa daga hotunan Instagram bai tambayi iskar wurin ba, ya fara da kuskure.

Yaya makon yake tafiya?

Yawancin haya daga Asabar zuwa Asabar ne. A sauka a filin jirgin sama na Aktiyon kusa da Preveza, a karɓi jirgi a garin Lefkada, a yi cefane, a kwana a tasha. Ruwan da ke gaban Preveza ya ga yaƙi: a 1538 rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ƙarƙashin Hairuddin Barbarosa ta fatattaki jiragen ƙawancen Turawa a wannan yanki. Lefkada kanta ƙiris ya raba ta da babban yanki, gada mai iyo ce ta haɗa su.

Daga nan a bi siririyar mashiga a gangara kudu. A wuce Iskorfiyos, tsibirin da attajirin jiragen ruwa Aristotle Onassis ya mallaka, inda ya auri Jacqueline Kennedy a 1968. Har yau na masu shi ne, ba a sauka. A kwana a Meganisi, washegari a tsallaka Itaka, garin Kiyoni ko Vati, sannan Fiskardo a arewacin Kefaloniya. Wanda ya lura zai ga gidajen Fiskardo sun fi na sauran garuruwa tsufa. Girgizar ƙasar Agustan 1953 ta rusa kusan dukan Kefaloniya da Zakintos da Itaka, Fiskardo ne ya tsira da gine-ginensa na da. Tsibiran sun daɗe a hannun Venis, birnin da ke Italiya a yau, suka koma ƙarƙashin Ingila daga 1815, sai a 1864 aka haɗa su da Girka.

Tsarin yini kusan ɗaya ne: a tashi da hantsi, a tsaya a wani lungu a jefa anka, wato ƙugiyar ƙarfe mai nauyi da ke kama ƙasan ruwa ta riƙe jirgi, yara su yi iyo, a ci abincin rana, a ɗaga filafilai idan iska ta taso. Sai dai a Agusta wanda bai isa Fiskardo da wuri ba ba zai samu wurin ɗaurewa ba, don haka da yawa kan haƙura da iskar la'asar su kunna inji su yi sammako.

Wane ɓangare ne ya fi wuya?

Shiga tasha. A Bahar Rum ba a jera jirage a tsaye gefe-da-bango. Da baya ake shiga, kamar mai ajiye mota a cunkoson kasuwa, sai dai nan babu birki kuma iska na tura ka gefe. Mutum ɗaya yana goshin jirgi riƙe da na'urar sakin anka. Matuƙi ya daidaita da gurbin da ya hango tsakanin jirage biyu, ya ce a saki, sarƙa ta fara zuba da ƙara, shi kuma yana ja da baya. Wani na riƙe da igiya a naɗe, yara na riƙe da robobin kare gefen jirgi. Idan an saki anka da wuri, sarƙa ta ƙare saura taku biyar a kai bango. Idan an makara, ba za ta kama ba. Duk wannan a gaban mutanen da ke zaune a gidajen abinci na bakin ruwa, sun baro cokali suna kallo. Ma'aurata da yawa a nan suke faɗan farko.

Da safe kuma sai a tarar ankar wani ta hau kan sarƙar wani, a yi ta ja ana kwancewa da sanda mai ƙugiya.

Yara fa, ba haɗari?

Ƙa'idojin kaɗan ne amma ba a sassauta su. Yaro ya sa rigar kariya daga nutsewa muddin yana sama kuma jirgi na tafiya. A nemi kamfani ya ɗaura raga a kewayen jirgi. Hannu ɗaya na riƙe da wani abu a kowane lokaci. Kowa ya kiyayi sandan da ke kwance ƙarƙashin babban filafili, domin idan jirgi ya juya yakan sharo da ƙarfi daidai kan mutum. Mai jin jiri ya zauna a sama yana kallon nesa, kada ya sauka ɗaki. Rana ma ba abin rainawa ba ce, ko ga wanda ya tashi a Sakkwato, saboda ruwa na dawo da haskenta kuma iska na hana mutum jin yana ƙonewa.

Ruwa da abinci da salla?

Tankin ruwa 'yan ɗaruruwan lita ne, na wanka da wanke-wanke da alwala duka, sai an shiga tasha ake ƙarawa. Wanka na minti biyu ne. Na sha kuwa na roba ake saye. Ba a jefa takarda a masai, bututun siriri ne, idan ya toshe kowa zai ji a jikinsa.

Naman alade ya yi yawa a gasasshen naman tsinke na Girka, sai an tambaya. Kifi da kayan lambu da wake da cuku da zaitun suna ko'ina, amma yankan Musulmi da wuya a ƙananan tsibirai, gara a dogara da kifi da girkin cikin jirgi. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kuma jirgi yana da kamfas a gaban matuƙi. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka ya fi sauƙi a sauka da kwalekwalen roba a yi salla a tudu. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare.

Wannan ba shi ne tekun da baƙin haure ke nutsewa a ciki ba?

Shi ne. Hanyar da ta fi cin rai ita ce daga Libiya da Tunisiya zuwa tsibiran Lampedusa da Sisili na Italiya, kuma da yawan masu bin ta ta Agadas suka ratsa. A watan Yunin 2023 wani jirgin kamun kifi da ya taso daga Tobruk a Libiya maƙare da ɗaruruwan mutane ya kife daura da garin Pilos, a kudancin wannan teku na Iyoniya. Mutum 104 kawai aka ceto. Hanyar 'yan yawo tana maƙale da gaɓa, nesa da wancan wuri, amma dokar teku ta ɗora wa kowane matuƙi taimakon wanda ke cikin haɗari. Abin da ƙaramin jirgi zai fara yi shi ne kiran masu gadin teku ta tasha ta 16 a rediyo, ko lambar 112.

Biza da kuɗi, kuma wane wata ya fi?

Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, Kuroshiya ma ta shiga tun 1 ga Janairun 2023. Turkiyya bizarta daban. Kuɗin bizar Shengen ga babba Yuro 90 ne, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ban da kuɗin haya akwai kuɗin ajiya da kamfani ke riƙewa ko za a yi ɓarna, da na mai, da na share jirgi, da na kwana a tasha. Bakin tashar ƙauyukan Girka ba ta da tsada idan aka kwatanta da tashoshin zamani na Kuroshiya, lungun da aka jefa anka kuwa galibi kyauta ne.

Agusta ya fi tsada da cunkoso da zafi, don lokacin ne Italiyawa ke tsallakowa da jiragensu. Yuni ya fi sarari, ruwa dai da ɗan sanyi. Farkon Satumba ruwa na da ɗumi kuma mutane sun ragu, amma daga tsakiyar watan a riƙa duba hasashen yanayi safe da yamma: a Satumban 2020 guguwar Iyanos ta afka wa Kefaloniya da Itaka da Zakintos, ta nutsar da jirage da dama suna ɗaure a tasha.