Haɗa-haɗen ƙaramin jirgin sama na ban dariya

Haɗa-haɗen ƙaramin jirgin sama na ban dariya wani reshe ne na sha'awar harhaɗa ƙananan samfuran jirage na roba, inda mai aikin yake ɗebo sassa daga kwalaye daban-daban ya ƙera jirgin da babu irinsa a duniya. Yana iya ɗora fukafukan jirgin yaƙi a kan gangar jikin tankar yaƙi, ko ya maƙala wa ɗan ƙaramin jirgi farfela huɗu.

Tushen aikin shi ne ma'auni. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da samfurin jirginsa na farko, na jirgin yaƙin Spitfire, bisa ma'aunin 1/72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida, saboda haka fukafukan da faɗinsu ya ɗara mita 11 suke komawa kimanin santimita 15 da rabi. Akwai kuma 1/48 da 1/144. Mai harhaɗa samfurin da yake kwaikwayon jirgi na gaskiya ba ya gauraya waɗannan ma'aunai, amma a wannan reshe da gangan ake gauraya su, domin ƙaton matuƙi na 1/48 a cikin jirgin 1/72 shi kaɗai ya isa ya sa mai kallo murmushi. Kamfanin Hasegawa na Japan ma yana sayar da samfuran jirage na ban dariya masu siffar ƙwai.

Abin dariyar ba ya rage wahalar aikin, ƙara ta ma yake yi, tunda sassan ba don juna aka yi su ba. Gam ɗin roba narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya, amma ba ya kama ƙarfe ko katako, nan sai sufa gulu. Ana cike giɓin, a goge da samfefa har yatsa ya daina jin gaɓar, a sa 'yar dalma a hancin jirgin don kada ya zauna a kan wutsiyarsa, sannan a shafe shi da fenti guda na share fage wanda zai sa tarkacen ya zama jiki ɗaya.

Ga mutumin Katsina ko Daura wannan tunani ba baƙo ba ne, domin yaron da ya fere kara ya yi mota, ko ya yanka gwangwanin madara ya yi mata tayu da murfin kwalba, irin wannan idon yake amfani da shi. Abin kiyayewa a nan shi ne ƙurar hunturu, wadda take manne wa ɗanyen fenti, shi ya sa ya kamata a kife kwali a kan jirgin har ya bushe.