Waiwaye: Takardun iyali sun fara lalacewa tun kafin zuwan wayar hannu

Muhawarar da ake yi a kan makomar waƙoƙin da mutane suka rubuta wa kansu, da dayarinsu, da wasiƙun da iyalai suka gada, ta rabu kashi uku. Wasu na ganin a ɗauki hoton komai a zuba a kwamfuta, wasu na cewa magada su miƙa ainihin takardun ga gidajen adana tarihi, wasu kuma sun riga sun yanke ƙauna, suna cewa tunda wasiƙa ta koma saƙon waya, jikoki ba za su tarar da abin gado ba. Dukansu suna magana kamar jiya matsalar ta kunno kai, alhali tushenta ya haura shekara 150.

Farkon labarin sananne ne. Faransa ta kafa ma'ajiyar takardun ƙasa a 1790, Ingila ta buɗe tata a 1838, kuma duka biyun takardun mulki aka gina su domin su. A 1869 Ingila ta naɗa hukumar da za ta ƙididdige rubuce-rubucen da ke hannun iyalai, galibinsu na manyan gidaje. Daga nan masu ba da tarihi sukan tsallaka zuwa manyan masifu, wato ambaliyar da ta jiƙa ɗimbin littattafai da takardu a birnin Florence na Italiya a 1966, da yadda iyalan Timbuktu suka kwashe kundayensu a ɓoye zuwa Bamako a 2012 da 2013.

Abin da ake tsallakewa shi ne canjin da ya sami takardar kanta. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, da tsumman auduga da na lilin ake yin takarda a Turai, tana da tsada amma tana da ƙarko, shi ya sa kundaye da yawa na Timbuktu, da aka rubuta a kan irin wannan takarda da fatake suka ratsa hamada da ita, har yau ake buɗa su a karanta. Da masu karatu suka yawaita, tsumma ya yi kaɗan. A shekarun 1840 aka ƙera injin niƙa itace a Jamus, kuma kafin ƙarnin ya ƙare takardar itace ta mamaye kasuwa. Niƙaƙƙen itace yana ɗauke da wani sinadari mai suna lignin, wanda haske da iska ke mayar da shi ruwan ƙasa, sannan domin kada tawada ta bazu, sai ake haɗa shi da alif da ƙaron itace. Alif ɗin, idan ya gamu da laima, yakan saki asid mai cinye zaren takardar daga ciki, ko da an kulle ta a adaka babu mai taɓa ta.

A nan, a ganina, asalin asarar take. Arahar takarda ta zo lokaci ɗaya da yaɗuwar makarantu da sauƙin kuɗin aika wasiƙa, saboda haka a daidai lokacin da malamin makaranta, da soja, da matar aure, da ɗan ci-rani suka fara samun abin da za su rubuta waƙa ko labarin ranarsu a kai, takardar da ta faɗo hannunsu ita ce mafi gajeren rai. Mai hali yana iya sayen ta tsumma, talaka kuwa littafin rubutun 'yan makaranta yake samu. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan littafi na kakansa ya san abin da nake nufi: gefen shafi ya yi ja kamar an gasa, ƙusar da ta riƙe tsakiya ta yi tsatsa ta huda takardar, salatif ɗin da wani mai kyakkyawar niyya ya liƙa ya ɓare ya bar tabo a kan baiti guda, kuma da an lanƙwasa kusurwa sau biyu sai ta gutsure ta zauna a yatsa.

An daɗe kafin a gane musabbabin sosai. Sai a ƙarshen shekarun 1950 William Barrow, mai gyaran tsofaffin takardu a jihar Virginia ta Amurka, ya nuna ta hanyar gwaji cewa asid ne ke kashe takardar zamani. Amurka ta fitar da ma'aunin takarda mai ɗorewa a 1984, na duniya ya biyo baya a 1994. Amma aikin ceto ya fara ne da littattafan ɗab'i da jaridu na manyan ɗakunan karatu, waɗanda ko ɗaya ya lalace akwai kwafinsa a wani wuri, yayin da waƙar da aka rubuta da hannu, wadda ba ta da ta biyu a duniya, ta ci gaba da zama a gida cikin zafi da laima.

Wuraren da aka keɓe wa rubutun mutum gama-gari ma a makare suka zo. Garin Pieve Santo Stefano na Italiya ya buɗe ma'ajiyar dayari a 1984, Jamus ta sami tata a Emmendingen a 1998, sannan a 2004 Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗari a ƙasashe daban-daban. Kafin lokacin, littafin da aka rubuta a 1900 ya shafe fiye da shekara 80 asid na cinsa. Shi ya sa masu ɗaukar hoton a yau sukan tarar da shafukan da sai an zura musu takarda mai kauri a ƙasa kafin a iya juya su, wasu kuma sai an tattara gutsattsarinsu an jera kafin a karanta layi ɗaya.