Rufe boda ba shi ne tsare ta ba

A majalisun hira na Abuja, da zarar an tabo batun kwararar baƙi sai wani ya ce a garƙame iyaka kowa ya huta. An gwada. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 iyakokin ƙasa na Najeriya a rufe suke, amma 'yan acaɓa ba su daina tsallakar da mutane ta ɓarauniyar hanya ba, kuɗin mota ne kawai ya ƙaru.

Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, galibi fili ne fetal. Abin da ake rufewa ƙofa ce, irin ta Jibiya, Illela ko Maigatari, kuma a ƙofar ne kaɗai ake rubuta wanda ya shigo. Can jami'in Hukumar Shige da Fice yake sa fasfo a na'urar MIDAS, wato kwamfutar da ke tattara bayanan masu shiga da fita, ya ɗauki hoton fuska da zanen yatsu, a duba ko sunan yana cikin waɗanda ake nema, sannan bayanan su tafi hedikwatar hukumar a Sauka da ke Abuja. Wanda ya bi daji ba ya barin komai.

Inda aikin ke lalacewa ƙanana ne: batirin sola ya mutu, ƙura ta rufe gilashin ɗaukar yatsa, intanet ya yanke a koma rubutu a littafi, ko a yi wa jami'in da aka horar canjin wurin aiki.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma ba ta ce a shigo hannu rabbana ba. Kwana 90 ne ɗan ƙasashen ƙungiyar zai iya yi babu biza, da ingantacciyar takardar tafiya. Mai son zama sai ya nemi katin izinin zama.