Shin koren tangaran na Sin yana tona asirin guba?

Tun ƙarnuka da dama ake yaɗa zancen cewa koren tangaran na ƙasar Sin, wanda Turawa ke kira seladon, yana tsagewa ko ya sauya launi da zarar an zuba masa abinci mai guba. Sarakunan Farisa da Indiya da Daular Usmaniyya sun gaskata haka, kuma har yau fadar Topkapi da ke Istanbul tana ajiye da irin waɗannan farantai sama da 1,000. Sai dai maganar ba ta da tushe, domin abin da aka gasa da wuta mai zafin kusan digiri 1,250 ya riga ya koma tamkar gilashi, babu wani dafi a cikin miya da zai taɓa shi.

Launin ma ba fenti ba ne. Maginan garin Longquan, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, waɗanda sana'arsu ta bunƙasa a zamanin daular Song (960 zuwa 1279), sukan shafe yumɓun da ruwan ƙyalli mai ɗan sinadarin ƙarfe a ciki, sannan su rage wa wutar iska yayin gashi, sai ƙarfen ya ba da kore mai sirkin shuɗi. Siraran tsagogin da ake gani a jikin wasu kwanukan kuwa tun wajen hucewa suke fitowa, saboda ƙyallin ya fi yumɓun tsukewa.

Su Sinawa abin da ya ɗaukaka wannan tangaran a idonsu shi ne kamanninsa da yu, dutsen da suka fi darajantawa.