Injin silinda huɗu mai turbo da injin silinda shida a motocin gudu

Injin silinda huɗu mai turbo da injin silinda shida su ne injunan fetur biyu da aka fi kwatantawa idan ana maganar motocin gudu, wato ƙananan motoci masu ƙofa biyu da aka ƙera don sauri da daɗin tuƙi, ba don ɗaukar kaya ko iyali ba. Na farkon ƙarami ne, yawanci lita 2 zuwa 2.5, ana ɗura masa iska da ƙarfi don ya yi aikin da ya fi girmansa. Na biyun yakan kai lita 3 zuwa 4, kuma a tsarinsa na asali da kansa yake zuƙar iska, ko da yake a yau akwai masu silinda shida da dama da su ma aka sa wa turbo. Tun wajen shekarar 2015 kamfanoni irin su Ford da Chevrolet da Porsche da Toyota suka riƙa fitar da mota ɗaya da injuna iri biyu, suka bar wa mai saye zaɓi.

Yadda suke aiki

A injin mota na yau da kullum, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne a duk juyi biyu na babbar sandar inji. Idan silinda huɗu ce, ana samun bugu ɗaya a duk rabin juyi, sai wannan bugun ya ƙare kafin na gaba ya soma. Idan shida ce, bugun yana zuwa a duk kashi ɗaya bisa uku na juyi, ta yadda wani fistan, wato ƙarfen da ke kai da kawowa a cikin silinda, ke fara turawa tun kafin ɗan'uwansa ya gama. Daga nan laushin injin silinda shida ya samo asali, haka ma muryarsa da masu sha'awar mota ke yabo. Wanda aka jera silindarsa shida a layi ɗaya yana da ƙarin fifiko, domin motsin fistan ɗinsa yana kashe girgizar juna ba tare da wani ƙarin ƙarfe ba. Mai huɗu a jere kuwa yana da wata karkarwa da ke ƙaruwa da girman inji, shi ya sa ake sa wa manyansu sanduna biyu masu juyawa don su danne ta.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana matsa iska zuwa cikin silinda. Aikinta kamar na zugazugin maƙeri ne: gawayin bai ƙaru ba, amma wutar ta ƙara ƙarfi saboda iskar da ake hura mata. Da iska ta yi yawa sai a ƙara fetur, ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Sandar tana iya yin juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, zafin hayaƙin da ke bugun farfelar kuma yakan haura digiri 900. Baƙin man inji ne ke shafa mata, kuma shi ke kwashe wani ɓangare na zafin. Iskar da aka matsa ita ma zafi take yi, don haka ake bi da ita ta wani ƙaramin lagireto na musamman kafin ta shiga inji.

Tarihi

Silinda shida ta riga turbo shiga ƙananan motoci da kusan shekara sittin. Ana yawan ambaton motar tsere ta kamfanin Spyker na ƙasar Holan, ta shekarar 1903, a matsayin ta farko mai silinda shida, kuma Napier na Ingila ya fara sayar da irinta a kusan lokaci guda. Jaguar ya fito da injinsa na XK mai silinda shida a 1948, wanda ya ci gaba da ƙerawa har shekara arba'in da ɗoriya. Lancia Aurelia ta Italiya, a 1950, ita ce motar kasuwa ta farko da aka raba silindarta shida gida biyu a siffar V, tsarin da ya gajarta inji har ya samu shiga ƙananan motoci. Porsche ya bi wata hanya dabam a motar 911 da ya nuna a 1963, inda ya kwantar da silinda uku a dama, uku a hagu, a bayan mota. A 1969 Datsun 240Z ta Japan ta kawo silinda shida ga masu matsakaicin hali, ta samu karɓuwa sosai a Amurka.

Ita kuwa turbo, injiniya Alfred Büchi ɗan ƙasar Suwizalan ne ya yi rajistar fasaharta a 1905, amma an ɗauki lokaci kafin a samu ƙarfen da zai jure zafinta. Jiragen sama da na ruwa ne suka fara amfana. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak a Amurka, mai tsawon kusan mita 4,300, ya nuna cewa turbo tana mayar wa inji ƙarfin da ƙarancin iska ke ƙwace masa. A tsakiyar shekarun 1920 an sa ta a manyan injunan dizal na jiragen ruwa a Jamus, sannan wajen 1938 kamfanin Saurer ya sa ta a motocin dakon kaya.

Ƙananan motoci sai a 1962 suka same ta, a Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Jetfire ba ta daɗe ba, saboda injinta yana buƙatar wani haɗin ruwa da sinadari da ake zubawa a tanki dabam don hana shi ƙwanƙwasa, wato fetur ya kama wuta ba a kan ƙa'ida ba a cikin silinda, masu motar kuma sukan bari ya ƙare. A Turai, BMW 2002 Turbo ta 1973 ce ta fara haɗa silinda huɗu da turbo a motar gudu ta kasuwa, da ƙarfin doki 170. Ta zo daidai da rikicin man fetur na wannan shekarar, ba a ƙera ko 1,700 ba aka dakatar. Porsche 911 Turbo ta biyo baya a 1975. Motocin wannan zamanin sun yi suna da jinkiri: direba ya taka totur shiru, sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ƙarfin ya zo gaba ɗaya, wani lokaci a tsakiyar kwana. Saab na ƙasar Suwidin ne ya lallashi fasahar a motarsa ta 99 Turbo, wajen 1977 zuwa 1978, da ƙaramar turbo mai saurin tashi da bawul mai sakin rarar hayaƙi, sannan a farkon shekarun 1980 ya ƙara na'urar da ke jin ƙwanƙwasar inji ta rage matsin iska da kanta. Kusan duk injin turbo na fetur da ake hawa yau yana cin gajiyar wannan dabara.

Tsere ya taimaka wajen ɗaga darajar ƙaramin inji. Renault ya shigar da turbo gasar Formula 1 a 1977, ya ci tserensa na farko da ita a Dijon a 1979. A 1983 Nelson Piquet ya zama zakaran duniya da injin BMW mai silinda huɗu, lita ɗaya da rabi kacal. Ana cewa daga baya wannan injin ya haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi, amma alƙaluman da ake bayarwa sun sha bamban. An hana turbo a gasar daga 1989, ta dawo a 2014.

Gwajin hamadar Nijar

Tseren Paris zuwa Dakar na shekarun 1980 ya ratsa Nijar ta Agadas da Tenere, a wasu shekarun kuma ya biyo ta Damagaram a hanyarsa ta zuwa Yamai. A wannan rairayi da zafi duka injunan biyu suka nuna abin da za su iya. René Metge ya yi nasara a 1984 da Porsche 911 mai jan ƙafa huɗu, silinda shida, babu turbo. A 1986 ya sake ci da Porsche 959, silinda shida da turbo biyu. Daga nan sai Peugeot ya karɓe fagen da injin silinda huɗu mai turbo: 205 T16 ta ci a 1987 a hannun Ari Vatanen, da 1988 a hannun Juha Kankkunen, sannan 405 T16 ta ci a 1989 da 1990. Wannan ya isa shaida cewa turbo tana iya jure hamada. Sai dai waɗannan motoci suna tafe ne da ayarin makanikai da ke duba su kowane dare, da mai na musamman da kayan gyara a manyan motoci, abin da mai mota ɗaya a gari ba shi da shi.

Zamanin rage girman inji

Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka, da harajin da ƙasashe irin su Sin ke ɗorawa bisa girman inji, su suka sa kamfanoni komawa ga ƙananan injuna bayan 2010. Ford Mustang ta 2015 ta zo da silinda huɗu mai lita 2.3 da doki 310, kusa da V6, wato silinda shida a siffar V, mai lita 3.7 da doki 300, kuma daga samfurin 2018 aka daina V6 ɗin. A Chevrolet Camaro ta 2016 lissafin ya fi fitowa fili: mai huɗu tana da doki 275, mai shida 335, amma a ƙarfin murɗawa, wanda shi ne ke fizgar mota daga tsaye, kuma ake auna shi da Nm, mai huɗun ce a gaba da Nm 400 a kan kimanin 385. Ma'ana ƙaramin injin ya fi kuzari a cikin gari, babban kuma sai an bar shi ya hau sama sannan yake nuna kansa.

Labarin Porsche ne aka fi kawowa misali. A 2016 ya cire silinda shida daga Boxster da Cayman, ya sa huɗu mai turbo, ya kira su 718. Ƙaramar Boxster ta tashi daga doki 265 zuwa 300, ƙarfin murɗawa daga Nm 280 zuwa 380, kuma yana zuwa tun kafin inji ya kai juyi 2,000 a minti ɗaya. A kan takarda babu inda sabuwar ta gaza. Duk da haka masu saye da ƴan jaridar mota suka yi ta ƙorafi kan muryar injin, har kamfanin ya dawo da silinda shida mai lita 4 marar turbo a 2019 da 2020 a manyan samfuran. Toyota GR Supra ta 2019 ta zo da injunan BMW biyu, duka masu turbo, mai huɗun ta fi sauƙi da kusan kilo 100, abin da wasu direbobi suka ce ya sa ta fi daɗin juyawa a kwana.

A Damagaram

Motar gudu ba kasafai ake ganinta a Damagaram ba. Cikinta ya yi ƙasa da yawa ga rairayin unguwanni da duwatsun Birni, kuma doguwar kwalta irin ta Yamai mai kusan kilomita 900, ko ta Kano, ita ce kawai inda za ta sake. Amma makanikan garin sun san bambancin injunan biyu ta wata ƙofa: Land Cruiser mai injin dizal 1HZ, silinda shida a jere babu turbo, da Hilux mai silinda huɗu da turbo. Darajar da 1HZ ke da ita a hanyar Tanut da Agadas ta fito ne daga sauƙin gyaransa da haƙurinsa da mai marar kyau.

Abu uku ne ke wahalar da turbo a wannan yanki. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana rage amfanin lagireton sanyaya iska, sai kwamfutar mota ta rage ƙarfi don kare inji. Ƙurar hunturu kuma ita ce babbar abokiyar gaba. A gareji za ka ga an ciro matatar iska, an buga ta a jikin taya, an hura ta da iskar mai faci an mayar. Idan takardar ta tsage ko da kaɗan ne, ƙurar da ta wuce tana cin bakin farfela har ya dakushe. Makanike kan cire bututun iska ya sa yatsa ya girgiza sandar turbo. In ta yi wasa, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, turbo ta kusa tafiya. Na uku shi ne mai. Matatar SORAZ da ke arewacin garin, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana samar da fetur a cikin ƙasa, amma mutane da yawa sun saba da na kwalba a wurin ƴan ruwa-ruwa, wanda kan kwana a rana, ƙura ko ruwa su shiga. Masu ƙera waɗannan motoci suna ba da shawarar fetur mai lambar oktan 95 zuwa 98, lambar da ke nuna yadda fetur ke jure ƙwanƙwasa, kuma injin da ke aiki da matsin iska ya fi saurin ƙwanƙwasa idan man ya gaza. Jinkirta juyen baƙin mai, ko kashe inji nan take bayan doguwar tafiya a tsofaffin motoci, yakan ƙona man a cikin turbo.

Tsohon injin silinda shida marar turbo ya fi yafiya a duk waɗannan, kuma ga wanda zai riƙe mota shekaru a nesa da kayan gyara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sabbin masu shida dai ba su da wannan sauƙin gaba ɗaya, tunda su ma suna fesa fetur kai tsaye cikin silinda da famfo mai matsi sosai, kuma ba a gano ciwonsu sai da na'urar bincike.

Shan mai da daɗewa

A gwajin hukuma mai huɗun ya fi tsimin mai. A hannun direba mai taka totur ratar takan ragu sosai, wani lokaci ta ɓace. Kan daɗewa ra'ayi ya rabu: masu goyon bayan turbo suna cewa ta zamani tana kai tsawon ran inji in ana kula da mai, masu suka kuma suna nuni da yawan sassan da ke iya lalacewa da tsadar sauya su.